Yadda Ake Gyaran Madabod na Laftof ɗin Gem

Laftof ɗin gem ta fi ta ofis cin wuta nesa ba kusa ba. Ta ofis caja mai wat 45 ko 65 ta ishe ta, ita kuwa ta gem cajarta kan kai wat 180 ko 230, wata ma har 330. Duk wannan wutar ta kan madabod take bi, wato babban allon da ke ɗauke da kayan cikin kwamfuta, ta ratsa ƙananan kayan da wasunsu da ƙyar ido ke ganinsu, ga kuma zafin da furosesa da GPU (cif ɗin sarrafa hoto) ke fitarwa sa'o'i a jere. Shi ya sa idan irin wannan na'ura ta mutu, sau da yawa laifin yana ɓangaren rarraba wuta ne: kafasito ɗaya ya tsage, ko MOSFET ɗaya (ɗan makunnin da ke buɗe wa wuta hanya ya rufe) ya ƙone, alhali manyan kayan masu tsada suna nan lafiya ƙalau.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ƙarasa irin waɗannan bod ɗin a teburin gyara. Mutum ya buɗe, bai auna komai ba, sai ya ɗauko bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi, ya hau gasa GPU, ko ya cire IC ɗin caji, wato cif ɗin da ke kula da caji, don kawai ya ji an ce shi ke yawan lalacewa. Bod ɗin da kafasito guda ya kwantar sai ya koma abin da ba mai iya tayar da shi. Duk bayanin da ke tafe a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: mita ce ke fara aiki, zafi ke zuwa ƙarshe, kuma ba a cire komai daga kan bod sai awo ya nuna shi.

Tun kafin a kwance sukuru

Fara da tambayar mai ita. Ana cikin wasa ta ɗauke, ko an wayi gari ne aka danna ta ƙi tashi? Wani abu mai ruwa ya taɓa zuba a kanta? An sauya mata caja? Wani ya taɓa buɗe ta? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci ƙwarai, domin bod ɗin da hannu ya riga ya shiga yana iya ɗauke da ciwo biyu, na asali da wanda aka ƙara masa. Tambayi kuma ko garanti bai ƙare ba. In da sauransa, mayar da ita ga kamfani ya fi. Sannan ka ce masa ya nemo lambar buɗe BitLocker, tsarin kulle fayiloli, idan Windows ɗinsa na amfani da shi, saboda taɓa BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) ko sauya bod na iya sa kwamfutar ta nemi lambar kafin ta ba shi fayilolinsa.

Sai caja. Auna bakinta da mita, za ka ga bolt 19, 19.5 ko 20, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta. Cajar Dell da ta HP masu zagayayyen baki suna da siririn tsinke a tsakiya, ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar, ka kula kada bakin mita ya haɗa shi da bangon ciki mai ɗauke da wuta. Caja na iya nuna cikakken bolt lokacin da ba kaya a kanta, ta faɗi da zarar an ɗora mata, don haka gwaji da wata mai lafiya ya fi tabbas. Akwai alama guda mai saurin nuna hanya: idan fitilar jikin caja tana ci, amma da an soka ta a kwamfuta sai ta mutu, to kusan babu shakka akwai shot a babban layin wuta, wato ya haɗe da giraun kai tsaye, cajar ce ke kare kanta.

Idan kuwa kwamfutar tana tashi, fanka na juyawa, kibod na haske, hoto ne kawai babu, kada ka yi saurin ɗora wa bod laifi. Cire RAM, goge haƙoransa, mayar da guda ɗaya ka gwada, sannan ka sauya masa rami. Danna Caps Lock ka ga ko fitilarsa na amsawa. Haɗa wani sikirin ta HDMI. A yawancin laftof ɗin gem ramin HDMI kai tsaye yake haɗe da GPU, shi kuwa sikirin na ciki girafik ɗin cikin furosesa ke ba shi hoto, saboda haka wanda ya nuna da wanda ya ƙi nunawa, kowanne akwai abin da yake gaya maka. Masu DDR5 kuma, bayan an taɓa RAM ko an cire batirin CMOS (ɗan ƙaramin batirin da ke kan bod), suna iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye sikirin na baƙi kafin tambari ya fito. A ba su lokaci.

Kayan aiki da taswira

Akwai kayan da in babu su gara kada a fara: mita mai tsinin baki, injin wuta na tebur wanda ake saita masa bolt da iyakar amfiya, ayan na narka dalma mai saitin zafi, bulowa, fulaks mai kyau (man da ke sa dalma ta kama), dalma, igiyar tagulla ta tsotse dalma, hantsaki, tef ɗin Kapton mai jure zafi, sifirit na isofurofil mai kashi 99, da madubin ƙara girma. Farantin ɗumama bod daga ƙasa kusan dole ne a wannan aikin, dalilin yana gaba. Kyamarar gano zafi tana rage wahala sosai, amma sifirit ma yana fitar da mutum kunya.

Ita taswirar bod ba da sunan kwamfutar ake nemanta ba, da lambar da aka buga a jikin bod ɗin ake nema, domin kamfanin da sunansa ke kan murfi sau da yawa ba shi ya ƙera bod ɗin ba. Na Compal lambarsu na farawa da LA-, na Quanta da DA0, na Lenovo da yawa da NM-, na MSI da MS-. Iri biyu ce: mai nuna yadda wuta ke tafiya da sunan kowane layi, da mai nuna inda kowane abu ke zaune a kan bod. In ba ka samu ba, karanta lambar da ke kan IC ɗin da kake zargi, ka nemo takardar bayaninsa daga kamfanin da ya yi shi, a ciki za ka ga aikin kowace ƙafa.

Buɗewa

Cire caja, kwance murfin ƙasa, kana ajiye kowane sukuru bisa tsarin inda ya fito, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon sukuru a gajeren rami ɓarna yake yi. Abu na farko da hannunka zai taɓa a ciki shi ne soket ɗin batir. Zare shi da farce ko da abin roba, ba da ƙarfe ba, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20 don ragowar wuta ta zube. Kada ka kuskura ka cire ko ka mayar da igiyar sikirin alhali batir na haɗe. A cikinta akwai layin hasken sikirin mai ɗauke da babbar wuta ko da kwamfutar a kashe take, ɗan karkacewa kaɗan sai fiyus ya tafi, wani lokacin ma wutar ta tsallaka layin hoto ta shiga furosesa. Batirin da ya kumbura a ajiye shi nesa da zafi, kada a matse shi, kada a huda shi. Ɗaura igiyar hannu mai sauke wutar jiki, cire SSD ka adana, ka riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki.

Sukurorin ƙarfen sanyaya suna da lamba. Kwance su daga babba zuwa ƙarama, rabin juyi rabin juyi, don kada nauyi ya taru a kusurwa ɗaya ta gilashin cif ya ɓantare ta. In ya manne, murza shi a hankali hagu da dama, kada ka ɓamɓaro shi da ƙarfi. Ka lura da abin da ke ƙarƙashinsa. Wasu, musamman jerin ROG na ASUS daga 2020, ba man sanyaya na yau da kullum ke kan furosesarsu ba, ruwan ƙarfe ne mai sinadarin galiyom. Yana ɗaukar lantarki, ɗigo guda in ya gangara kan ƙananan kafasito ya isa ya jawo shot, kuma yana cin alminiyom. Ɗaga ƙarfen a miƙe, kada ka karkata bod ɗin, ka tsane ruwan da auduga da sifirit kafin ka ci gaba. Su kuma ƙananan katifun zafi da ke kan VRAM (RAM ɗin GPU) da koyil-koyil, ka rubuta inda kowacce take da kaurinta.

Da bod ya fito, duba fuskokinsa biyu a ƙarƙashin madubi, ka kuma shinshina. Kore-kore ko fari-fari a ƙafafun kaya sawun ruwa ne, a wanke da sifirit da buroshi mai laushi. Nemi kafasito mai tsaga ko wanda ya yi duhu, da MOSFET mai ɗan rami ko kumburi a bayansa. Inda bod ya ƙone har ya zama gawayi, sai an kankare gawayin tas, domin shi kansa yana ɗaukar wuta.

Awo ba tare da wuta ba

Nan aikin yake. Kafin ka ɗora mita, ka san hanyar da wuta ke bi. Tana shigowa ta ramin caja, ta bi ta MOSFET biyu da ke tsaye a matsayin ƙofa, ta ratsa wani razisto mai ƙaramar ƙima wanda da shi ake auna amfiya, sannan ta zama babban layi mai bolt 19 ko 20. Daga wannan layin kowane sashe ke ɗiba ya rage zuwa abin da yake bukata: bolt 3.3 da 5, na RAM, na furosesa, na GPU, na VRAM. Tamkar babbar magudanar ruwa ce mai rassa, reshe ɗaya in ya fashe sai sauran duk su bushe.

Kowane reshe yana da koyil, waɗannan manyan murabba'an masu launin toka, kuma su ne wurin awo mafi sauƙi. Saita mita a om. Fara haɗa bakunanta biyu ka ga abin da wayoyin kansu ke nunawa, yawanci 0.2 ko 0.3, ka riƙe wannan a ka. Sa baƙin baki a giraun, wato zoben tagulla na ramin sukuru, jan baki kuma a kan abin da kake aunawa, ka rubuta kowace lamba a takarda.

Babban layi ake fara aunawa, a kan raziston awon amfiya. In lafiya yake, lambar za ta yi ta hawa zuwa dubban om, har ɗaruruwan dubbai. In ka ga sifili ko 'yan om kaɗan, shot ne. Koyil ɗin 3.3 da na 5 kan nuna ɗaruruwa zuwa dubbai. Na RAM da na VRAM sun fi ƙasa, gomomi zuwa ɗaruruwa. Sai kuma inda sabon shiga ke ruɗewa: koyil-koyil ɗin da ke jere kusa da furosesa 'yan om kaɗan suke nunawa ko da komai lafiya, na GPU kuwa a sababbin na'urori suna iya nuna ƙasa da om 1. Mita za ta yi ƙara a kansu, amma wannan ƙarar ba shaidar shot ba ce. Cif ne mai zuƙar gomomin amfiya a bolt 1 ko ƙasa da haka, halittarsa ke nan. Bod da yawa an lalata su saboda wannan ƙarar kawai.

Idan babban layi ya nuna shot, akwai awo guda da ba a tsallakewa. Sa baki ɗaya a babban layin, ɗayan kuma ka bi koyil-koyil ɗaya bayan ɗaya. In ka sami koyil ɗin da tsakaninsa da babban layi kusan sifili ne, to MOSFET ɗin sama na wannan reshen, wato wanda ke ɗebo wuta daga babban layi, ya haɗe, ya buɗe wa bolt 19 hanya kai tsaye zuwa cif ɗin da aka yi don bolt 1. Za ka ma lura lambar babban layin ta zo kusan daidai da ta wannan koyil ɗin. A irin wannan hali, duk soka caja da aka yi "don a gani" ƙarin duka ne ga furosesa ko GPU. Kada ka sake soka ta sai an cire mai laifin.

Farautar shot

Dabarar ita ce a tura wa layin 'yar wuta marar cutarwa, a ga wa zai yi zafi. Liƙa waya da dalma a kan babban layi, a gefen raziston awon amfiya ko ƙafar wani babban kafasito, ɗaya wayar kuma a giraun. Saita injin tebur a bolt 1, ko ma 0.9, iyakar amfiya 1. Dalilin tsayawa a bolt 1 shi ne, ko da wutar ta zarce ta MOSFET ta isa furosesa, ba ta wuce abin da yake jurewa ba. In ba abin da ya ɗumama, amfiya ake ƙarawa zuwa 2 ko 3, bolt yana nan inda yake.

Da kyamarar zafi nan take za ka ga ɗigon haske. In babu ita, shafa sifirit a yankin da kake zargi ka kunna wutar, inda ya fara bushewa nan zafin yake. Bi fuskokin bod biyu, ka fi mai da hankali ga jerin kafasito da ke gaban MOSFET ɗin GPU da na furosesa, su suka fi shan wahala.

Sai dai ba duk mai zafi ne mai laifi ba. In gilashin furosesa ko na GPU ne ya ɗumama, wuta ce ke isa gare shi ta MOSFET ɗin da ya haɗe, shi za a nema. Kafasiton da ya haɗe ƙurmus kuma yana iya ƙin yin zafi sosai, saboda ba shi da turjiyar da za ta haifar da zafin, sai ka ga wayarka ce ke ɗumama. Nan ma haƙuri da ƙarin amfiya kaɗan-kaɗan ne magani.

In kafasito ne, cire shi ka sake auna layin. Lambar ta haura zuwa dubbai? To ka kama shi. Bod zai iya tashi ba shi don gwaji, tunda suna da yawa a jere, amma ni ban yarda a bar gurbinsa haka a laftof ɗin gem ba, musamman kusa da GPU inda ake fizgar wuta da ƙarfi. A mayar da mai ƙima ɗaya, wanda ke jure aƙalla bolt 25 in a babban layi yake.

In MOSFET ne, akwai ƙarin aiki. Koyil-koyil ɗin furosesa ko na GPU a haɗe suke ta bakin fita, saboda haka guda ɗaya in ya lalace duk jerin za su nuna shot. Zafi ne zai nuna maka wanda ya mutu, ko kuma ka riƙa ɗaga koyil ɗaya bayan ɗaya kana aunawa. Bayan ka cire shi, auna babban layi, sannan ka auna koyil ɗin zuwa giraun. In har yanzu akwai 'yar turjiya irin ta lafiyayyen cif, akwai fata. In daidai take da abin da wayoyin mitarka ke nunawa, wato sifili zalla, mai yiwuwa cif ɗin ya riga ya tafi. Kafin ka ɗora sabon MOSFET, duba IC ɗin da ke tuƙa shi, domin sau da yawa tare suke mutuwa, kuma lalataccen matuƙi zai ƙone sabon a kunnawar farko. A sababbin bod an haɗe MOSFET biyu da matuƙinsu a cif guda da ake kira DrMOS, shi dole ne a mayar da mai lamba iri ɗaya.

Babu shot, amma ba ta tashi

Yanzu an sami damar ba ta wuta. Haɗa injin tebur ta ramin caja a bolt ɗin da cajarta ke bayarwa, iyaka amfiya 1 ko 2, ka sa ido a kan abin da take ja. Lafiyayyen bod da ba a danna ba kaɗan yake sha, bai cika wuce 0.02 ba. Mita kuma ta koma awon bolt, ka bi hanyar daga farko.

Akwai wuta a ramin caja? Bayan MOSFET na farko fa? Na biyu? In ta tsaya a ƙofa, kada ka yanke wa MOSFET hukunci, umarni yake jira daga IC ɗin caji. Ɗauki BQ24780S na Texas Instruments, wanda ke kan bod da yawa: sai ya sami wuta a ƙafar VCC, ƙafar ACDET ta haura bolt 2.4 ta hanyar ƙananan razisto biyu da ke raba wutar caja, REGN ya ba da bolt 6, sannan ya tura kusan bolt 25 ta ACDRV ya buɗe ƙofar, ya kuma shaida wa EC, cif ɗin da ke kula da tashin kwamfuta, ta ACOK cewa caja ta iso. Razisto guda da ruwa ya ci a wannan zagayen ya isa ya rufe komai. Akwai masu haɗa waya su tsallake MOSFET ɗin don kwamfuta ta tashi. Wannan cire mata kariya ne, ranar da wani abu ya faru ba abin da zai tare shi.

In babban layi ya cika, duba 3.3 da 5. A wasu bod suna nan tun kafin a danna maɓalli, a wasu kuwa ƙaramin 3.3 ne kawai ke nan sai an danna sauran su zo, taswira ce za ta raba gardama. Daga nan sai EC, wato cif mai ƙafafu da yawa na ITE, ENE ko Nuvoton, wanda ke kula da maɓalli, kibod, fanka da jerin tashin wuta. Tabbatar yana samun 3.3. Auna ƙafar maɓallin kunnawa: 3.3 ce, in an danna ta faɗi sifili, in an saki ta dawo. Duba ɗan na'urar da ke gane an rufe murfi, in ta maƙale a sifili kwamfutar za ta ɗauka a rufe take. Batirin CMOS ya kasance kusa da bolt 3. Ka sani kuma EC da yawa suna da manhaja a cikinsu, sabo in ba a rubuta masa ita ba, ba zai yi komai ba.

Bayan an danna, layuka bi da bi suke tashi. A bod ɗin Intel za ka ga layukan umarni SLP_S4# da SLP_S3# sun hau 3.3, wutar RAM ta zo, 1.2 ga DDR4 tare da wani layin 2.5, shi kuwa DDR5 bolt 5 ake ba shi ya haɗa 1.1 ɗinsa a jikinsa. Sai wutar furosesa wajen bolt 1, sannan PLT_RST#, layin da ke ba furosesa izinin fara aiki, ya hau. Layin farko da ya ƙi zuwa, nan za ka tsaya ka yi wa IC ɗinsa tambaya uku: wuta na shigar masa? An ba shi umarnin kunnawa? Bakin fitarsa babu shot? Sai duka ukun sun zama lafiya kuma bai fitar da komai ba, sannan ya cancanci cirewa. Wutar GPU kuwa tana iya ɗaukewa in ba a aiki da shi, da gangan ake kashe shi don tattalin batir.

Ɗora zafi

Dalmar da kamfanoni ke amfani da ita yanzu ba ta narkewa sai wajen digiri 217, tsohuwar mai gubar (wato ƙarfen lead) kuwa a 183. Bod ɗin gem yana da shimfiɗun tagulla masu yawa da kauri a cikinsa, suna janye zafi daga inda kake hurawa. Wanda ba shi da farantin ɗumamawa sai ya yi ta ƙara wa bulowa wuta har saman ya ƙone, ƙasan bai narke ba. Ɗumama dukan bod ɗin zuwa digiri 120 ko 150 tukuna, sannan bulowa wajen 380 zuwa 400, iska matsakaiciya.

Cire batirin CMOS, rufe soket-soket na roba da maƙwabtan kaya da tef ɗin Kapton, ka lura da inda ɗigon ƙafa ta ɗaya ke kallo. Sa fulaks, ka riƙa zagaya bakin bulowa, kada ka tsayar da shi wuri guda. Taɓa kayan da hantsaki a hankali, in ya motsa da kansa ya narke, sai ka ɗaga. Ja da ƙarfi yana tsige tagullar bod. Shafa 'yar dalma mai gubar a gurbin, tsotse da igiyar tagulla, sa sabuwa siririya, ɗora sabon kayan, ka hura har ka ga ya zauna daidai da kansa. Bari ya huce ba tare da fifita ba, wanke fulaks da sifirit, ka sake duk awon om ɗin da ka rubuta kafin wuta ta shiga.

BIOS

Idan kowane layi ya cika, RAM lafiya, fanka na juyawa amma ba hoto, sai a waiwayi BIOS. Ƙaramin cif ne mai ƙafa 8, galibi na Winbond, Macronix ko GigaDevice. 25Q64 megabait 8 ne, 25Q128 kuma 16. Ana karanta shi da na'ura irin CH341A ko RT809. Wasu na bolt 1.8 ne, in ka ba su 3.3 ka kashe su, don haka duba lambar ka sa adafta. Karanta abin da ke ciki sau biyu, ka gwada su ka ga sun zo ɗaya, ka adana kafin ka goge komai. A cikinsa lambar na'urar da lasisin Windows suke, kuma fayil ɗin sabuntawa da ke shafin kamfani sau da yawa ba cikakken abin da ke cikin cif ba ne. Bod na iya ɗauke da wani cif mai kama da shi na GPU ko na EC, kada ka rubuta na wani a kan wani.

GPU, da inda ya kamata a tsaya

Zane-zane a sikirin, ɗaukewa da an shiga gem, ko Windows ta nuna kuskure mai lamba 43 a kan GPU, duk ba su isa a ce ya mutu ba. Auna layukansa: 1.8, wutar cif ɗin kansa, da ta VRAM wadda ke wajen 1.35 ga GDDR6. Wani lokacin cif ɗin VRAM guda ne ya lalace, kuma ana sauya shi in akwai kayan aiki da ƙwarewa.

Gasa GPU da bulowa ya yaɗu ne tun matsalar Nvidia ta 2008, lokacin da GeForce 8400M da 8600M suka riƙa mutuwa. Zafi kan farfaɗo da irinsu na ɗan lokaci, sannan ciwon ya dawo, domin yana can tsakanin gilashin cif da mazauninsa, inda bulowa ba ta gyarawa. Wanda ya yi haka ya miƙa wa mai kaya a matsayin gyara ya ci amanarsa. In cif ya nuna sifili bayan an cire MOSFET, ko ƙuna ta ratsa shimfiɗun ciki, ko bod ya lanƙwashe, gaskiya ita ce a faɗa wa mai ita. Furosesa da GPU a liƙe suke, sauya su sai injin BGA, na cirewa da ɗora manyan cif, da hannun da ya saba. In babu, sauya bod ɗin gaba ɗaya da mai lamba iri ɗaya shi ne hanya.

Mayarwa da gwaji

Gwajin farko a kan tebur ake yi: bod, RAM guda, ƙarfen sanyaya da fanka, sai sikirin. Kada a bar shi a kunne ba ƙarfen sanyaya fiye da 'yan daƙiƙu. In hoto ya fito, kashe, ka goge tsohon man sanyaya ka sa sabo, ka share ƙurar fanka da ta haƙoran ƙarfen. Katifun zafi su koma da kaurinsu na asali; mai kauri fiye da kima tana ɗaga ƙarfen daga kan GPU, siririya kuma ba ta taɓa abin da aka sa ta sanyaya. Ɗaure sukurori daga lamba 1 zuwa sama, batir shi ne na ƙarshen haɗawa.

Tashi zuwa Windows ba ya nufin an gama, domin a zaune laftof ɗin gem ɗan kaɗan take ci daga ƙarfinta. Haɗa ta da cajarta mai cikakken wat, ka ga batir na hawa. Buɗe HWiNFO kana kallon zafi, gwada RAM da MemTest86, matsa wa furosesa da Cinebench, GPU da FurMark, sannan ka haɗa su biyun lokaci guda, daga baya ka sa gem mai nauyi aƙalla awa ɗaya. Gwada kuma barci da farkawa, da aiki a batir kaɗai, da kowane rami na USB da HDMI. In ta ɗauke a tsakiyar matsi, koma kan reshen da ka gyara: duba ko katifar zafi na taɓa sabon MOSFET ɗin, ko dalma ta kama faffaɗar ƙafar da ke ƙarƙashinsa sosai, sannan ka kwatanta zafinsa da na 'yan'uwansa da ke jere da shi. In shi kaɗai ya fi su zafi, ko dai bai zauna daidai ba, ko matuƙinsa na da saura.